Dole ne in haɗiye duk abin da metir ya koyar, ko in tsinci abin da ya karɓe ni?

Ɗan_Bagalam: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da ta kwana uku tana cina, kuma na san a nan akwai waɗanda suka riga ni shiga harkar. Shekarata uku ina karate, salon Shotokan, a wani kulob nan cikin gari. Da rani na je Jiratawa, muka yi wasa da ɗan baffana a kan yashi. Manomi ne, bai taɓa sa kimono, kayan karate, ba. Kafin in ɗaga ƙafa ya shigo jikina, ya kama ƙuguna, sai ga ni a ƙasa. Sau uku muna sakewa, sau uku yana kayar da ni. Kata biyar na Heian, jerin motsin da mutum yake yi shi kaɗai a iska, duk na haddace su, amma ba wadda ta zo mini a wannan lokaci.

Ranar Asabar bayan an tashi atisaye na tsaya na ce wa metir, malaminmu na karate, ina so in rage lokacin kata, in ƙara na kumite, wato karawa da abokin atisaye, Lahadi kuma in riƙa zuwa wajen 'yan kokowa in koyi riƙo da tsayuwa. Ya dube ni ya ce karate ba kasuwa ba ce da zan tsinci tumatir mai kyau in bar saura. Ban yi masa musu ba, babba ne kuma ina ganin girmansa. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Laifi ne mutum ya ɗauki abin da yake yi masa aiki ya bar wanda bai gane amfaninsa ba?

Sura_Bildi_227: Wa alaikumus salam. Ba laifi ko kaɗan. Kuɗinka ne kake biya duk wata, jikinka ne, lokacinka ne. Ɗauki mai amfani ka yi gaba.

Metir_Zariya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, na fi shekara ashirin ina koyar da abin nan, bari in yi maka tambaya ɗaya. A Heian Shodan, idan ka kai naushi da dama, ina hannun hagu yake tafiya? Ƙugu. An taɓa gaya maka dalili? Yawanci ana cewa don naushi ya yi ƙarfi. Akwai abin da ya fi wannan. Sunansa hikite, ma'anarsa hannu mai ja. Hannun nan ba fanko yake komawa ba, ya damƙo hannun abokin faɗa ko rigarsa yana fizgo shi zuwa cikin naushin. Saukar da hannu ƙasa da kuke yi a motsin farko, gedan barai, ba tare shuri kaɗai ba ne, yana ɓamɓare hannun wanda ya riƙe ka. Mutanen Okinawa, inda karate ta fito, suna da kokowarsu ta gargajiya da ake kira tegumi, kuma yaransu da ita suke tashi kamar namu. Da Funakoshi, wanda ya kafa Shotokan, ya kai karate Tokyo a 1922 aka shigar da ita jami'o'i, sai hankali ya fi karkata ga naushi da shuri daga nesa, riƙo ya ja baya.

To ka ga abin da kake shirin zubarwa, a cikinsa maganin ɗan baffanka yake. Ba kata ce ta kasa ba, ba a buɗe maka ita ba ne.

Sura_Bildi_227: Metir, da girmanka, in shekara uku ba ta isa a buɗe masa ba, sai yaushe? Sai ya yi furfura?

Metir_Zariya: Tambayarka tana kan hanya, kuma laifin namu ne masu koyarwa. Da yawanmu haka muka karɓa, a rufe, haka muke miƙawa. Ni kaina sai da na ɗaura baƙar ɗamara da shekaru kafin wani ɗan judo ya nuna mini abin da hannuna yake yi.

Kabu_Kabu_Mokoyo: Ni dai labarina zan ba ku. Na yi judo wata takwas kacal, hidimar gida ta sa na bari. Wata biyun farko ba abin da aka koya mana sai faɗuwa, ukemi. Ka faɗi baya, ka faɗi gefe, ka mirgina gaba, ka daki tatami, katifar da ake wasa a kai, da tafin hannu, haɓa a manne da ƙirji. Na tsane shi ƙwarai, don ni kayar da mutane na je koyo. Da a ce an ba ni zaɓi a lokacin, shi zan fara jefarwa.

Bara da damina, da magariba, na ɗauko hanyar Tibiri ba fasinja, akuya ta ratso gabana. Na taka burki, tayar gaba ta shiga yashi, moto ya tsaya ni ban tsaya ba. Ban yi tunanin komai ba. Na dai ji haɓata ta manne, kafaɗata ta taɓa ƙasa, na mirgina na tashi tsaye. Rigata ta yage, gwiwar hannu ta ɗaye, kaina bai taɓa kwalta ba. Masu shayi da ke bakin hanya suka rugo suna salati, sun ɗauka sai dai a kwashe ni. Duk kayen da na koya a wata takwas ɗin ban taɓa yi wa kowa ko ɗaya ba. Abin da na raina shi ya tsare mini kai.

Hajiya_Sabon_Gari: Allah ya ƙara tsarewa ɗana. Ka sayi hular kwano dai.

Kabu_Kabu_Mokoyo: Amin Hajiya. Washegari na saya.

JKD_Maradi: Duk wannan magana Bruce Lee ya gama ta tun 1967 da ya kafa salonsa na faɗa, Jeet Kune Do. Ya ɗebo daga Wing Chun, salon faɗa na China, ya ɗebo daga damben Turawa, ya ɗebo takun ƙafa daga wasan takobi na Turai, ya watsar da abin da ya ga ado ne kawai. Wa ya isa ya ce bai iya ba? @Ɗan_Bagalam bi hanyarka.

Mushe_Lise: @JKD_Maradi gaskiya ne, amma ka faro labarin daga tsakiya. Tun yana ɗan saurayi a Hong Kong yake Wing Chun a makarantar Yip Man, sai 1959 ya koma Amurka, can ma ya yi shekaru yana koyarwa kafin 1967. Yana da abin da zai tace. Kuma ba shi ya fara ba. Jigoro Kano, wanda ya ƙirƙiro judo, ya yi karatun jujutsu, tsohon salon faɗa na Japan, a makarantu biyu, Tenjin Shin'yo da Kito, ya zaɓi abin da za a iya gwadawa da cikakken ƙarfi ba tare da an karya juna ba, ya ware masu haɗari ya bar su a kata. A 1882 ya buɗe makarantarsa ta judo, Kodokan, a wani ɗakin ibada a Tokyo, tabarma goma sha biyu ce faɗin wurin, shi kuma bai wuce shekara 22 ba. Judon da ake cewa kada a taɓa, ita kanta tsince ce. Shotokan ma haka, Funakoshi wajen malamai biyu ya yi karatu, Azato da Itosu.

JKD_Maradi: To Mushe ai ka ba ni gaskiya ke nan. Ɗan shekara 22 ya zaɓa, duniya ta bi shi.

Mushe_Lise: Rabin gaskiya na ba ka. Ya zaɓa bayan an yi ta maka shi da ƙasa shekara da shekaru.

Tsohon_Gwani_Tibiri: Salamu alaikum. Ni ban yi lakkwal ba, jikana ka rubuta min wanga. Na yi kokowa tun ina yaro har gwiwa ta hana. Zamanin da munka tashi ba wanda ka zaunar da kai shi ce ga darasi na ɗaya ga na biyu. Bayan an gama girbi, farin wata ya hito, a yi kiɗa a dandali, ka shiga a kada ka, ka tashi ka sake shiga. Kowane gwani da nashi kaye. Wani taɗiya ce tashi, wani sai ya ɗauke ka sama, wani ba ya komi sai ya bari ka turo shi da ƙarhi sannan ya kauce ka tahi da kanka. Ni gajere ne, ƙahwa nika nema. Wana dogo ne, wuya shika kamawa ya danne har ka gaji. Uba ɗaya ya koya muna, amma kokowarmu ba ta zama ɗaya ba.

Ɗana na Bagalam, ba kai ka zaɓen kaye ba, jikinka ka zaɓa maka, kuma ba ya zaɓe sai ya sha ƙasa. In ka zo wajen 'yan kokowa kada ka ce a nuna maka dabara. Ka aza goshinka ga kahwaɗar mutum, ka riƙe, ka yi shiru ka saurari inda nauyinai ya karkata. Ranar da ka ji shi tun bai motsa ba, ka hwara koyo. Mun ga Kantu da idonmu, wanda ya ɗauko takobin hwarko na gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, hilin kokowar Maradi sunanai ya ɗauka. Samari da yawa sun kwaikwayi tsayuwatai, ba wanda ya zama shi.

Ɗan_Bagalam: Baba na gode, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wannan magana ta shige ni.

Malam_Limanci: Ina da abin da zan ƙara, ko da yake ba shi aka tambaya ba. Akwai wurin da zaɓe ya zama dole, ba ra'ayi ba. Na kai yarona wani kulob, na ga ana durƙusawa a jere ana kai goshi kusa da ƙasa wajen buɗe atisaye, ana kuma rusuna wa juna kamar ruku'u. A hadisin Anas da Tirmizi ya ruwaito, an tambayi Manzon Allah (SAW) ko mutum zai rusuna wa ɗan uwansa in sun haɗu, ya ce a'a. Ban hana yaron wasa ba, don motsa jiki abu ne mai kyau, kuma ya zo a ruwaya cewa Annabi (SAW) ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Na dai roƙi mai koyarwa a ɗauke masa wannan.

Metir_Zariya: Allah ya gafarta Malam, a wajena mun daɗe da barin gaisuwar durƙuso. Yara suna tsayawa a jere, hannu a ƙirji, a yi sallama, a fara. A gasa ne alƙalai suke neman a ɗan sunkuyar da kai.

Sura_Bildi_227: Metir tsaya nan! Ashe kai ma ka tsinci tumatir. Ka cire gaisuwa don ba ta dace da kai ba, shi kuma in ya rage kata ya yi laifi?

Metir_Zariya: Ka kama ni, ban musa ba. Amma gaisuwar na san mene ne ita kafin in cire ta, na san abin da take koyarwa, ladabi da kame kai, na kuma sa wani abu a gurbinta. Japanawa suna da matakai uku, shu, ha, ri. Na farko ka bi yadda aka ba ka, na biyu ka fara warwarewa kana tambaya kana leƙa wasu makarantu, na uku ka tsaya da ƙafarka. Ƙanenmu yana so ya tsallaka zuwa na biyu, ni kuma ina ganin da sauransa a na farko.

Sura_Bildi_227: Wa zai ce ya kai? Metir ɗin da ba ya so ɗalibi ya leƙa wani wuri?

'Yar_Taekwondo_UDDM: Ku bari mace ta sa baki. Ina jami'a, shekarata huɗu a taekwondo. Abin da ban ji kowa ya tambayi yayanmu na Bagalam ba shi ne, me kake nema? Don amsar tana can. Dubi Alfaga, ɗan taekwondon Nijar. Ya ci azurfa a Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a Muju ta Koriya a 2017. Tsayinsa ya haura mita biyu, wasansa a kan doguwar ƙafa ya ginu, don dokar gasa haka take biya: naushi a ƙirji maki 1, shuri a jiki 2, shuri a kai 3, in da juyi makin ya ƙaru, naushi a fuska kuwa haramun ne. Mai neman lambar yabo dole ya zaɓi abin da ke kawo maki. Ni ba lambar yabo nake nema ba. Ina dawowa daga karatu bayan isha'i, da hijabi da zane. Shurin kai ba zai yi mini komai ba cikin zane. Abin da na riƙe shi ne shurin gaba a ƙasa-ƙasa, ture mutum da tafin hannu, fizge hannuna in an kama, sai gudu. A aji ina yin duk abin da aka sa mu, har poomsae takwas na Taegeuk, wato katar taekwondo, ban taɓa cewa ba zan yi ba. Amma in na koma ɗaki, minti ashirin ɗina na safe abubuwa huɗun nan nake maimaitawa.

Hajiya_Sabon_Gari: Ɗiyata Allah ya yi miki albarka. Akwai inda mata zalla suke yi? Ina da 'yan mata biyu, babansu ba zai yarda da cakuɗa ba.

'Yar_Taekwondo_UDDM: Amin Mama. Zan yi miki magana ta gefe.

Ɗan_Runji: Mu a dambe ba mu san wannan gardama ba. Gado na yi, mahauta ne mu kaka da kakanni. Hannu ɗaya ake naɗewa da kara a ɗaure da zare, shi ne mashi, ɗayan garkuwa ne, turmi uku, in hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa an kashe ka. Na yi wasa a Katsina, na yi a Jibiya. Da na shiga wajen masu damben zamani sai na gane hannuna na hagu bai san naushi ba sam, tura mutum kawai ya iya. Na zauna wata shida ina koyon naushin hagu da kaucewa da kai. Naushin hagu ba ya shiga damben gargajiya, amma kaucewar na dawo da ita fili, ta kuma cece ni ba sau ɗaya ba. Ba wanda ya ce na ci amanar gado. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Burja_Boy: Ɗan Runji faɗi gaskiya, kaucewa ce ko laya? Kowa ya san ba mai shiga fili hannu rabbana.

Ɗan_Runji: Na ga mai guru uku a ƙugu an kwantar da shi a turmin farko. Wanda bai yi gudun asuba ba, numfashinsa ne zai fara tona shi.

Malam_Limanci: Wannan ita ma tana cikin abin da ya kamata a bari a baya. Addu'a ta isa.

Admin_Zaure: 'Yan uwa maganar laya a buɗe mata nata zaure. Mu koma kan tambayar Ɗan Bagalam.

Majo_Lafiya: Ni ma'aikacin jinya ne, ga abin da nake tsoro a wannan zaɓe-zaɓe. Yanzu malamin samari da yawa waya ce. A ga bidiyon minti ɗaya a TikTok, a tashi a gwada a fada. An taɓa kawo mana yaro da dare, abokinsa ya gwada masa shaƙar wuya ta baya. Wannan riƙo ba numfashi yake tsayarwa da farko ba, jijiyoyin gefen wuya yake matsewa masu kai jini ƙwaƙwalwa, cikin daƙiƙa kamar goma mutum ya sume. A makarantar judo kafin a nuna maka shi sai an koya maka buga hannu alamar ka sallama, an kuma koya wa mai riƙon ya saki nan take. Su sun ɗauki riƙon sun bar dokar. Yaron ya sume a tsaye, aka sake shi, ƙeyarsa ta daki bakin siminti, ɗinki muka yi masa. Mai tsince daga waya abin burgewa yake ɗauka, abin da ke tsare rai ba ya cikin bidiyon.

JKD_Maradi: Allah ya kyauta. Amma Majo ba wannan nake nufi ba. Ku dubi gasar UFC ta farko a 1993 a Denver, inda 'yan salon faɗa daban-daban suka kara da juna. Royce Gracie, wanda bai kai abokan karawarsa nauyi ba, ya cinye ta da kokowar ƙasa. Daga nan duk mai naushi ya gane sai ya koyi riƙo, mai riƙo ya koyi naushi. Yau ba mai shiga da salo ɗaya.

Mushe_Lise: Haka ne, amma kowannensu da gidan da ya fito. Kamaru Usman ɗan kokowa ne tun yana makaranta a Amurka, a kanta ya ɗora naushi har ya ɗauki kambu a 2019. Adesanya daga dambe da shuri ya fito, abin da ya ƙara shi ne hana a kai shi ƙasa. Jinka sai da ginshiƙi. Su Gracie ɗin ma asalin abinsu daga Maeda ne, ɗalibin Kodokan da ya sauka Brazil a 1914.

Ɗan_Bagalam: Na karanta duka, wasu har sau biyu. 'Yar uwa ta jami'a, tambayarki ta tsaya mini, don ban taɓa yi wa kaina ita ba. Ba gasa nake so ba. Ina da shago, ina rufewa da dare in tafi gida da ciniki a aljihu. Ina so in an riƙe ni in san abin yi, kuma ina son natsuwar da nake samu bayan atisaye, wannan ba zan iya rabuwa da ita ba. Jiya da dare na kira ƙanena tsakar gida na ce ya kama wuyan hannuna da ƙarfi. Na yi motsin farko na Heian Shodan yadda Metir Zariya ya faɗa, na ja hannu ƙugu na sauke ɗayan a kan nasa. Riƙon ya ɓalle, har ya yi taga-taga. Shekara uku ina yin motsin nan a iska. Da na ce ya kama ni a ƙugu kamar ɗan baffana kuwa, ban sami komai ba, ya ɗaga ni cak.

Don haka kata zan ci gaba da ita, amma Lahadi zan tafi wajen 'yan kokowa. Abin da ya rage, in gaya wa metir ko in yi shiru?

Metir_Zariya: Gaya masa. Ka same shi a gida, ba gaban ɗalibai ba, ka ce izini ka zo nema. In ya ji daga bakin wani ya fi ciwo.

Sura_Bildi_227: Ni ban ga dalilin neman izini ba. Lahadi ranarka ce. In ya ce a'a fa, sai ka fasa?

Kabu_Kabu_Mokoyo: Ko me ka yanke, ka koyi faɗuwa kafin ka shiga hannun 'yan kokowa. Ba sa sauke mutum a hankali. In kana so mu haɗu bakin gulbi inda yashi yake da laushi in nuna maka ɗan abin da na sani.

'Yar_Taekwondo_UDDM: Yaya, in ka je wajen metir ka tafi da ƙanen naka, ka nuna masa abin da ka gano jiya, sannan ka nuna masa riƙon ƙugun da ya gagare ka. Wataƙila yana da amsarsa a wata kata da ba ku kai ba.

Tsohon_Gwani_Tibiri: Jikana ya karanta min. In ka zo Tibiri ka iso da hantsi kahin rana ta yi zahi, ka zo da gajeren wando, ka yanke akaihu. Akwai yara biyu masu nauyinka.

Ɗan_Bagalam: In sha Allah Baba. @Kabu_Kabu_Mokoyo Juma'a bayan la'asar ta yi maka?

Kabu_Kabu_Mokoyo: Juma'a akwai fasinja da yawa. Mu bar shi Alhamis, ƙarfe biyar.